Me za mu kira RCT da Hausa? Ni dai na tsaya kan "gwajin ƙuri'a"

Jama'ar zango, musamman masu aiki da ƙungiyoyin tallafi a Kumasi, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Turawa suna cewa RCT (randomized controlled trial), mu kuma in muka shiga Aboabo ko Asawase don yi wa iyaye bayani, kowa da sunan da yake kiransa.

Ga abin da ake nufi. Akwai tallafi, ana so a san ko yana amfani da gaske. Sai a tara waɗanda suka cancanta, a raba su gida biyu ba tare da wani ya sa hannu ya zaɓa ba. Kashi ɗaya a ba su, ɗayan a bar su yadda suke, bayan shekaru a dawo a kwatanta. Tunda ba mai ƙoƙari ko mai uwa a gindin murhu aka tsinto ba, bambancin da aka gani daga tallafin ya fito.

An yi shi a nan Ghana. A 2008, masana tattalin arziki Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun ɗauki yara 2,064 da suka samu gurbin babbar sakandare amma ba su shiga ba, galibi don rashin kuɗi. Aka ba 682 tallafin karatu ta hanyar ƙuri'a, aka bi sawunsu duka fiye da shekara goma. Waɗanda suka samu sun fi kammala makaranta nesa ba kusa ba, 'yan matan cikinsu kuma sun jinkirta haihuwa. Wannan tun kafin sakandare kyauta ta 2017. Duflo da Kremer da Abhijit Banerjee sun karɓi kyautar Nobel a 2019 kan irin wannan aiki.

Na ji masu cewa "gwajin loto". Don Allah a bar wannan. Ka faɗi loto ko caca a gaban liman, ka rasa masallacin gaba ɗaya, kuma da gaskiyarsa. "Canki-canka" wasan yara ne, ba zai ɗauki maganar makomar ɗan mutum ba. "Bazata" kuwa abin da ya zo ba shiri ne, alhali wannan shiryayye ne tun daga tushe.

Wata Hajiya da muke aiki tare ta ce, "Malam, ka ce ƙuri'a a ƙasar nan, sai a ɗauka maganar jam'iyya ce." Hajiya, damuwarki a kan hanya take. Amma kaɗa ƙuri'a daban, ƙuri'a ta faɗa kan mutum daban, kuma ta biyun ta girmi akwatin zaɓe. Suratu Ali Imrana ta ambaci jefa alƙaluma kan wanda zai riƙi Maryam. Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Kalma ce da dattawanmu suka sani da adalci. A ninke sunaye a zuba cikin ƙwarya, ƙaramin yaro ya zaro a gaban sarkin zango, ba mai cewa an yi son kai. Ko kwamfuta ce ta zaro, ma'anar ɗaya ce.

Saura kashin da ba su samu ba. Ban yarda da "waɗanda aka hana" ba, don ba wanda ya hana su, kuma ba don su ba gwajin ba shi da ma'auni. Ina ganin "'yan kwatance". Mutanen Nima da Mamobi na Accra, ku me kuke ce musu?