Me Ke Riƙe In-caji a Asibitin Mazaɓa?

Tsohon Jami'i:
Da sunan Allah nake farawa,
Ga tambaya, 'yan'uwa, ku zo da amsawa.
In-caji, wato shugaban asibitin mazaɓa,
Me ke riƙe shi ya ƙi ficewa?
Ni na ce albashi a kan kari,
Wata ya mutu, a biya ba jinkirtawa.

Ungozoma:
Baba, albashi na da ƙarfi,
Amma shi kaɗai ba ya tsayarwa.
Mutum biyu a kan awa 24,
Awo da safe, da dare karɓar haihuwa,
Ga rahoton wata, manhajar bayanan lafiya DHIS2 na jira,
Wane jiki ne ba ya gazawa?
A ƙaro hannu, a raba aiki uku,
Safe, yamma, dare, kowa na hutawa.
A ba in-caji ɗaki cikin haraba,
Da ruwa da katanga mai karewa.
Jini ya ɓalle ba allurar tsayar da shi, oksitosin,
Jijjiga ta taso ba allurar magnesiyam ta kwantarwa,
Ba motar kai uwa babban asibiti,
Wannan ke kai gwani ga ajiyewa.

Mai Rigakafi:
Yaya, kin taɓo inda ke ciwo,
Bari in ƙara da firijin adanawa.
Digiri 2 zuwa 8 ake so,
Safe da yamma ana rubutawa.
Ƙurar hunturu ta rufe farantin sola,
Sai sanyi ya fara raguwa.
Penta, rigakafin cuta biyar, in ta daskare ta lalace,
BCG ta tarin fuka, awa 6 da haɗi, sai zubarwa.
Mai sa ido ya zo da mai gyara,
Ya daina ba da takardar tuhuma da tsawatarwa.

Shugaban Kwamitin Mazaɓa:
Ni kuwa na ce kuɗin hannu ne.
Dokar Lafiya ta 2014 ta yi tanadin warewa:
Aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin Tarayya,
BHCPF, asusun lafiya matakin farko, ke karɓewa.
Duk wata uku ya faɗo asusun asibiti,
In-caji da kwamiti ke sa hannun fitarwa.
Rufi ya yi yoyo, ya gyara a makon,
Ba bin sakatariya da durƙusawa.
Ran da kuɗin ya makara, magani ya ƙare,
In-caji jama'a ke zargi da cinyewa.

Tsohon Jami'i:
Na karɓa, 'yata, na karɓa, Malam,
Saura canjin wurin aiki ba sanarwa.
Ya san mai unguwa, liman ya san shi,
Iyaye sun fara yarda da kawowa,
Sai takarda ta zo a ɗauke shi,
Sabo ya zo daga tushe yana farawa.
A bar shi ya zauna, a ba shi hutun karatu,
Ma'aikacin lafiya CHEW ya dawo jami'i CHO, ƙarin girma na biyowa.