Tambaya: yaya ake dafa miyar naman sa irin ta mutanen Hawayi a gida?

Maman Sadiƙ, Kaduna:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ƙanin maigidana ya yi karatu a Honolulu, babban birnin jihar Hawayi ta Amurka, kuma tun da ya dawo gida babu abincin da yake yawan ambata kamar wata miyar naman sa da suke ci da farar shinkafa a can. Yadda ya kwatanta mini, miya ce ja mai kauri, da nama manya-manya a ciki tare da dankalin turawa da karas, amma ba ta da yaji, kuma mai ba ya taso mata sama kamar yadda yake taso wa tamu jar miyar. Ina so in dafa masa ita ranar da zai zo mana da iyalinsa, sai dai bayanan da na samu sun saɓa wa juna. Wasu sun ce a bade naman da fulawa kafin a soya, wasu kuma sun ce sai a ƙarshe ake dama fulawar a zuba, sannan kusan dukansu suna sa wani baƙin ruwan waken suya da mutanen can suke kira shoyu.

Abin da nake son sani shi ne, wane ɓangaren nama zan ce wa mahauci ya yanko mini, shin zan tafasa naman tukuna sannan in soya kamar yadda muka saba, kuma da wace irin shinkafa ya kamata a ci. Idan ma shoyun bai samu ba, me zan sa a madadinsa? Na gode.

Hajiya Binta, Jos:

Wa alaikumus salam, Maman Sadiƙ. Abu na farko da za ki ajiye gefe guda shi ne tafashen nama. Mu a nan mukan tafasa nama da albasa da kayan ƙamshi, mu tsame shi mu soya har ya bushe, sannan mu soya kayan miya daban mu haɗa su a ƙarshe. Ita wannan miyar ba haka take ba, domin ɗanyen naman ake soyawa sama-sama don ya yi ja a jiki, sannan ya ƙarasa nuna a cikin ruwan tumatirin, yana ba miyar daɗinsa ita ma tana shiga jikinsa. Idan kika tafasa shi daban, jar miya za ki samu da dankali a ciki, ba abin da ƙanin mijinki yake kewa ba.

Ga yadda nake yi da nama kilo 1. Ki yanka shi manya-manya, kowane yanka ya kai loma biyu, ki tsane ruwan jikinsa da tsumma mai tsabta, ki barbaɗa gishiri da masoro. Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi, ki zuba man gyaɗa cokali 2 kawai, idan ya yi zafi sosai sai ki jera naman kashi-kashi, kada ki juye shi gaba ɗaya. Naman da aka cusa a tukunya ruwa yake fitarwa ya koma dafuwa, alhali abin da ake nema shi ne kowane yanka ya taɓa gindin tukunya, a ƙyale shi ba juyawa har sai ya saki da kansa. Za ki ga wani ƙanzo mai ruwan ƙasa ya kama gindin tukunyar. Kada ki wanke shi, kada kuma ki bari ya yi baƙi, domin rabin daɗin miyar a nan yake.

Bayan kin kwashe naman, sai ki zuba albasa manya 2 da kika yanka da tafarnuwa, ki soya su a wannan man har su yi laushi, sannan ki sa tumatirin gwangwani kamar giram 150 zuwa 170, wato ƙananan gwangwani 2 da ɗan ƙari. Ki riƙa juyawa na 'yan mintoci har launinsa ya ciza daga ja mai haske zuwa ja mai duhu. Daga nan ki zuba ruwa kaɗan ki kankare ƙanzon da muciya, ki mayar da naman, ki ƙara ruwa daidai yadda zai sha kansa, ki jefa guda 2 na busasshen ganyen ƙamshin nan da muke sa wa shinkafar jalof, da shoyu cokali 2 zuwa 3. Wasu suna ƙara cokali 1 na Worcestershire, wani ruwan ɗanɗano na Ingila da ake haɗawa da khal da tsamiya da ƙananan kifi, amma miyar ba ta rasa komai idan babu shi. Da ta tafasa sai ki rage wutar ƙwarai, ki rufe, ki bar ta tana ɗan motsi a hankali kamar awa 2.

Kayan lambu kuwa sai naman ya kusa nuna. Karas 4 a yanka manya su fara shiga, bayan minti 10 dankali rabin kilo da seleri, wani ganye mai kara da ake sa wa salak, su biyo. Ki ba dankalin minti 35 zuwa 40, domin tsamin tumatir yana jinkirta nunarsa, abin da yake sa ya tsaya da siffarsa bai dagargaje ba. Seleri a nan Jos ba ya wuya, kuma ƙamshinsa yana cikin abin da yake bambanta miyar, saboda haka ki neme shi wajen masu kayan salak kafin ki haƙura.

Game da fulawa, duka hanyoyin biyu ana yi. Ni na fi son ta ƙarshe, saboda fulawar da aka bade nama da ita tana saurin ƙonewa a gindin tukunya, musamman a kan gawayi inda wuta ba ta da daidaito. Ki dama cokali 3 da ruwan sanyi har gudaji su mutu, ki tsiyaya a hankali kina juyawa, ki bar ta minti 10 domin gafin fulawar ya fita. Tattasai da attarugu da kori kada ko ɗaya ya shiga.

Malam Auwal, Zariya:

Hajiya Binta ta gama magana kan girki, ni zan ɗan taɓa batun shinkafa da yaji, domin idan aka san inda abincin ya fito za a gane dalilin da ya sa ake cin sa haka. Tsibiran Hawayi ba su da shanu sai a 1793, lokacin da wani jagoran jirgin ruwan Ingila, George Vancouver, ya kai wa Sarki Kamehameha na ɗaya kyautar 'yan ƙalilan. Sarkin ya hana a yanka su domin su hayayyafa, suka kuwa yaɗu a daji har suka addabi manoma, abin da ya sa a farkon shekarun 1830 aka ɗauko makiyaya masu hawan doki daga yankin Meziko da Kalifoniya su koya wa mutanen ƙasar kiwo. Waɗannan makiyayan da magadansu su ake kira paniolo, kuma babbar gonar kiwo ta Parker da aka kafa a 1847 a babban tsibirin tana nan har yau. Naman sa ta nan ya zama abincin yau da kullum.

Sauran kayan kuwa gonakin rake ne suka kawo su. An riƙa ɗauko leburori daga Sin tun 1852, daga Fotugal a 1878, daga Japan da yawan gaske tun 1885, daga Koriya a 1903, sannan daga Filifin a 1906. Waɗannan mutane shinkafa ce abincin akasarinsu, kuma da rana sukan zauna a bakin gona kowa ya buɗe kwanonsa a ci tare. Shi ya sa miyar da asalinta girkin Turawa ne, wadda a sauran jihohin Amurka ake yin ta mai launin ruwan ƙasa a ci da burodi, a Hawayi ta koma ja, ta sami shoyun Japanawa, ta hau kan shinkafa. Farantin abincin rana da aka san su da shi yana zuwa ne da malmalar shinkafa 2 da salak ɗin makaroni mai mayonis a gefe. Wasu kuma, musamman 'yan asalin tsibiran, suna cin ta da poi, wato dakakkiyar gwaza da ake dama ta da ruwa har ta yi santsi.

Shinkafarsu mai gajeren ƙwaya ce, mai danƙo, wadda ake iya malmalawa da ludayi ta tsaya. Saboda haka, Maman Sadiƙ, doguwar turararriyar shinkafa mai warwarewa ba za ta ba ki abin da ake so ba, domin miyar zarcewa take yi ƙasan faranti. Abin da ya fi kusa a kasuwarmu shi ne shinkafar tuwo, a wanke ta sosai, a dafa da ruwa daidai ba mai ba gishiri, a sauke kafin ta kai ga tuƙi.

Yaji kuma ba wai ba sa ci ba ne, a kan tebur suke ajiye shi. Suna da ruwan barkono da suke haɗawa da ƙananan barkono masu zafi, da tafarnuwa, da gishiri, da khal kaɗan, a zuba musu ruwan zafi a kwalba a bari ya kwana. Kowa sai ya yayyafa wa nasa gwargwadon bakinsa. Barkonon tsiduhu zai yi wannan aikin sarai, kuma a ganina wannan ce mafita ga mutanen gidan da za su ce miyar ta yi salam.

Malam Sani, Kano:

Ni gidan fawa na tashi, don haka a kan nama kawai zan yi magana. Maman Sadiƙ, kada ki bari a ba ki tsokar cinya zalla don ta fi kyan gani. Tsoka marar jijiya idan ta daɗe a wuta bushewa take yi ta zama zare-zare. Ki ce a yanko miki na kafaɗa ko na wuya, a haɗa da ɗan ƙirji ko awaza mai ƙashi, idan kuma da hali a ƙara ƙauri. Jijiya da yanar da suke cikin waɗannan sassan su ne suke narkewa a doguwar dafuwa su ba romo jiki, kamar yadda farfesun ƙafar sa yake daskarewa idan ya huce. Ɗan tozo kaɗan ma ba laifi, amma kada ya yi yawa tun da ba a son mai ya taso.

Inda na saɓa da Hajiya Binta shi ne batun awa 2. Wannan lissafin na shanun da aka turke aka ciyar da hatsi aka yanka da ƙuruciya ne. Namu shanun, bunaji ne ko bokolo, sun sha tafiyar kiwo, da yawa kuma sai sun manyanta ake kai su mayanka, saboda haka naman ya fi ƙarfi kuma kitsensa kaɗan ne. Ki ware awa 3, kada kuma agogo ya yanke miki hukunci. Ki soka cokali mai yatsu, idan ya shiga ya fita ba gardama to lokacin karas ya yi. Mai tukunyar firesha kuwa minti 40 zuwa 50 sun isa, sannan a buɗe a sa kayan lambu a ƙarasa a buɗe.

Na san akwai masu jefa kanwa don nama ya yi saurin laushi ko don ta kashe tsamin tumatir. A wannan miyar ba ta da gurbi, domin za ta dusashe jan launin, ta sa dankalin ya narke, ta kuma kashe ɗan tsamin da shi ne armashin abin. Idan tsamin ya yi miki yawa, ƙaramin cokali 1 na sukari ya wadatar.

Maman Sadiƙ, Kaduna:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura batun shoyu, Hajiya. Wata maƙwabciyata ta ce in sa daddawa tun da ita ma daga tsimammen wake ake yin ta, wata kuma ta ce ta ji ana cewa akwai giya a cikin irin wannan ruwan, shi ya sa nake ɗari-ɗari.

Hajiya Binta, Jos:

Na yarda da gyaran Malam Sani kan lokaci, ki bi nasa lissafin. Batun shoyu kuwa, da waken suya da alkama da gishiri da ruwa ake yin sa, a bar su su tsima tsawon watanni. A wajen tsimawar ɗan sinadarin barasa yakan samu a irin wanda aka yi ta hanyar gargajiya. Saboda haka ne kamfanoni da dama, musamman na Maleshiya da Indonisiya, suke yin wanda yake ɗauke da tambarin halal a jikin kwalbar, kuma ana samun irinsa a manyan kantuna da sunan soya sos. Ki duba tambarin ki sayi wanda ranki ya kwanta da shi. Ki dai kula kada ki ɗauko mai zaƙin nan mai kauri na Indonisiya, domin sukarinsa zai rinjayi miyar. Mai ruwa-ruwa mai gishiri ake nufi. Ki kuma rage gishirin da kika saba sawa, ki ɗanɗana sai a ƙarshe, tun da shoyun kansa gishiri ne kuma ruwan miyar zai ƙone ya ragu.

Daddawa ban ba ki shawara ba. Tana ba da daɗi irin wanda ake nema, gaskiya ne, amma ƙamshinta yana da ƙarfin da da zarar ya shiga tukunya sai hancin mai ci ya tafi wajen miyar kuka, kuma baƙonki zai gane tun daga bakin ƙofa. Idan shoyun ya gagara, dunƙule 1 da ƙarin soya naman sosai sun fi kusa da asalin.

Tun da ranar zuwansu sananniya ce, ki dafa ta tun daren jajibiri ki sa a firij bayan ta huce. Kitsen zai daskare a sama ki kwashe shi da cokali, kaurin zai daidaita, dankalin kuma zai sha romo har ciki. Wajen ɗumamawa ki ƙara ruwa rabin kofi, ki sa wuta kaɗan, ki riƙa juyawa daga ƙasa a hankali domin miya mai fulawa tana saurin kamawa.