Shawarwarin Da Ɗaliban Zango Suka Bayar Kan Masu Buƙata Ta Musamman A Jami'a

Jiya a Aboabo nan Kumasi ɗalibanmu na jami'a sun zauna kan bikin 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman. Abin da aka fi nanatawa, a bar masu buƙata ta musamman su tsara bikin da kansu, ba wai a jera su gaba a yi ta hoto ba. Wata ƴar'uwa tace kar ka tura mutum a keken guragu sai ka tambaye shi tukun, wallahi gaskiya ta faɗa. An ce a nemi hol na ƙasa mara matakala, a kawo mai fassara da yaren hannu, kuma kowa ya karanta dokar Ghana ta 2006 kan masu buƙata ta musamman, Act 715, don haƙƙi ne ba sadaka ba. Masallatanmu ma a duba ƙofofinsu.