Allurar 'yan Chana don ciwon gwiwa: wa ya taɓa gwadawa?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu ce gwiwoyi suka matsa mata, sallah ma a kan kujera take yi. Likita ya ce guringuntsin ya cinye, ƙarshenta sai an yi aiki, ita kuma ta ce ko da wasa. Tana da ciwon suga, tana kuma shan maganin tsinka jini saboda zuciya. An ba mu labarin wani wuri a Abuja da ake tsira wa mutum siraran allurai. Kafin mu ɗauko ta daga Zariya ina son jin wanda ya taɓa yi, musamman mai irin lalurarta.

Ɗan Kwari: Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni a Gwanzu ta ƙasar Chana aka yi min da bayana ya riƙe wajen lodin kaya. Allurar siririya ce kamar gashi, babu ruwan magani a ciki. Rub da ciki aka kwantar da ni, aka kakkafa min har bayan gwiwa da idon sawu, aka bar ni wajen rabin awa. Ba zafi, sai nauyi-nauyi da tsami a wurin. Daga nan likitar ta kunna wani busasshen ganye da aka naɗe kamar sigari tana ɗumama wurin. Wallahi na ji sauƙi. Yuwan 150 na biya kowane zama.

Ummu Sudais: Ki haɗa mata man zaitun da habbatus sauda tana shafawa, mujarrabi ne.

Baban Khalifa: Baiwar Allah, ki yi hankali. Mahaifinmu ɓarin jikinsa ya shanye, muka kai shi wani gida da ke da hoton mutum duk ɗige-ɗige a bango. Kafin allura sai da suka ɗora tafinsa a kan wata na'ura, minti biyu kwamfuta ta fito da cututtuka shafi uku. Suka ce ya ajiye maganin hawan jininsa wai yana hana allurar aiki, suka haɗa mu da shayi da kwalaben ƙwayoyi. Filin Baba na gado muka sayar. Allurar ma a cikin kwano suke jiƙa ta su sake kafa wa wani, da idona na gani na yi shiru don ina son ya warke. Ba a rufa wata biyu ba ya sake faɗuwa, bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Ranar da na koma wurin, shagon ɗinki na tarar.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya jiƙan Baba.

Ɗan Kwari: Allah ya gafarta masa. Amma Malam, waɗannan 'yan damfara ne. Inda na je kowace allura a gabanka ake yage ledarta.

Nas Binta: Ba wanda ya kula da maganar tsinka jini da suga, alhali nan ne haɗarin: jini ya taru ƙarƙashin fata, ko ɗan rauni ya ƙi warkewa. Sai likitan zuciyarta ya sani tukuna. Nan Ingila hukumar NICE, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, a 2021 ta yarda a gwada allurar ga ciwon da ya daɗe ba a gano sanadinsa ba, amma a 2022 ta ce kada a yi ta don zaizayar gaɓɓai irin ta Hajiya. Motsa jiki da rage ƙiba ta sa a gaba.

Ɗan Kwari: Aunty, komai sai Bature ya sa hannu? UNESCO ta amince da ita tun 2010.

Nas Binta: A matsayin al'ada, Alhaji. Hawan sallar Kano ma ya shiga wannan jerin al'adun nasu a 2024. Ba gwajin magani suke yi ba.

Ɗan Kwari: To ni da na tashi na miƙe fa? Ke kin taɓa yi?

Bamaraɗiya: Mu nan Nijar likitocin Sin cikin asibitin gwamnati suke aiki. Innata an yi mata a Yamai, jikka biyu ta sefa kowane zuwa. Ta ji dama, amma bayan watanni ciwon ya dawo.

Abu Hanif: Na ji an ce Abuja dubu 25 ne zama ɗaya.

Hajjaju: Wace Abujar? Dubu 60 aka ce min, kuma sai ka biya na zama goma a dunƙule.

Sarkin Aska: Ku kawo ta in kafa mata ƙaho dubu biyu, har da aski kyauta ga direba 😂

Nas Binta: Ƙaho ga mai shan maganin tsinka jini? Don Allah ko a wasa a bari.

Baban Khalifa: Abin da ke ci min rai, masu na'urar nan har yau suna yawo. Ranar Juma'a a bakin masallacinmu suka kafa rumfa.

Hajjaju: Ga masu lasifika a kan mota, magani ɗaya basir, suga, sanyi da haihuwa, ga batsa a gaban yara. Ka duba kwalbar ko lambar NAFDAC babu.

Abu Hanif: Wasu lambar ma ƙirƙira suke. Gidajen rediyon da ke sayar musu da fili fa, su wa zai tambaya?

Maman Ilham: Jama'a, har yanzu dai ban ji mai suga da ya yi ba.

Ummu Sudais: Na rediyon nan wani maƙwabcinmu ya sha, yanzu wankin ƙoda ake masa.