Abin da muka tattauna a majalisa kan bara

Bayan sallar isha'i hira ta karkata a majalisarmu kan yaran da ke kwana a ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa a Kano da masu tare motoci a danja. Ga abin da na tsinta.

Yawancinmu sun yarda a rage miƙa wa yaro kuɗi ta tagar mota, domin naira hamsin ɗin nan ce ke dawo da shi kan kwalta gobe, yana ratsa tsakanin adaidaita sahu. Wani dattijo ya ce a koma yadda aka saba a da: gida ya ɗauki almajiri ɗaya, a san sunansa, a san malaminsa. Tuwon dare, ɗumame da safe, ranar Alhamis a ba shi sabulu ya yi wanki, in zazzaɓi ya kama shi a kai shi kemis. Wannan ta fi kwanta mini, ko da yake wasu gidajen aikatau suke mayar da yaron.

An kuma ce a daina yi wa mabarata kuɗin goro. Makaho daban, matar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauye da goyo daban, mai taɓin hankali kuma asibiti yake buƙata. Mai fitar da zakka ya dunƙule ta ya ba mutum ɗaya jari.

Batun kamen mabarata ne aka yi ta musu. Gwamnatin Ganduje ta haramta bara a Kano a Fabrairun 2020, amma ga yaran nan a titi. Masu goyon bayan dokar sun ce iyayen ya kamata a fara tuhuma.