Shin aikin soja ya isa ya sa mutum ya cancanci kujerar shugaban ƙasa?

Ɗan_Zaure:
Assalamu alaikum. Duk sanda zaɓe ya ƙarato sai ka ji magoya bayan wani ɗan takara suna cewa ai nasu tsohon soja ne, shi ya san tsaro. Tambayata kashi biyu ce: a doka akwai wani fifiko da kaki ke ba mutum? Sannan a aikace, me ake koya a bariki da zai yi amfani a fadar shugaban ƙasa?

Barista_M:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. A doka babu fifiko ko na sisin kwabo. Sashe na 131 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 sharuɗɗa huɗu ya gindaya: mutum ya zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa, ya kai shekara 35 (da 40 ce, aka rage a 2018), jam'iyya ta tsayar da shi, kuma yana da ilimin sakandare ko kwatankwacinsa. Na Amurka uku ne: haifaffen ɗan ƙasa, shekara 35, da zama a ƙasar na shekara 14. Babu inda aka ambaci soja.

Kakin ma tarnaƙi ne muddin yana jikinka. Sashe na 137 na kundin Najeriya ya ce ma'aikacin gwamnati, har da soja, sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. A Amurka ko ministan tsaro ba a son ya fito daga bariki da ɗuminsa: sai da majalisa ta yi doka ta musamman kafin James Mattis a 2017 da Lloyd Austin a 2021 su hau kujerar, don ba su cika shekara 7 da tuɓe kaki ba. Manufar ita ce ragamar sojoji ta kasance a hannun farar hula.

Malama_Tarihi:
Barista ya gama da doka. Ni inda nake so a tsaya shi ne, soja suna ne ya tara. Laftanar mai riƙe da mutum talatin da janar mai kula da runduna ta sama da dubu goma ba aiki ɗaya suka yi ba. Jarumta a fagen daga abin yabo ce, amma ba ta koya wa kowa tsara kasafin kuɗi.

Ɗauki Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance a Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Bai taɓa jagorantar sojoji a bakin daga ba, aikinsa tsare-tsare ne. Saukar da sama da mutum 150,000 a gaɓar Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yunin 1944 lissafi ne na jiragen ruwa, man fetur, abinci da yanayin teku, ga kuma lallashin mutane masu taurin kai irin su Churchill, Montgomery da de Gaulle, waɗanda ba ya iya yi musu tsawa. To wannan siyasa ce tsagwaronta, kakin kawai aka ɗora mata. Shi ya sa mulkinsa na 1953 zuwa 1961 bai ba shi wahala sosai ba.

Janar Grant kuwa ya ci yaƙin basasar Amurka kafin ya zama shugaban ƙasa, amma mulkinsa (1869 zuwa 1877) ya cika da badaƙala, saboda ya yarda da na kusa da shi irin yardar da kwamanda ke yi wa dogarinsa. A wancan yaƙin ma akwai abin lura: Jefferson Davis, shugaban jihohin Kudu da suka ɓalle, ya yi makarantar soja ta West Point, ya yi ministan yaƙi, Lincoln kuwa, shugaban Amurka na lokacin, 'yan watanni ya yi a rundunar sa-kai a 1832 bai ko ga faɗa ba. Lincoln ne ya yi nasara.

Mai_Nazari:
Hajiya, kin taɓo inda gizo ke saƙar. A bariki umarni daga sama yake gangarowa, wanda ya ƙi bi kotun soja na jiransa. A mulkin farar hula babu wannan sandar. Ministoci sai Majalisar Dattawa ta tantance su, kasafi sai majalisa ta amince, gwamna ba yaronka ba ne, alƙali zai iya rushe matakinka da hukunci ɗaya. Obasanjo ya ga haka a Mayun 2006, lokacin da Majalisar Dattawa ta yi fatali da gyaran tsarin mulkin da zai buɗe ƙofar tazarce. Buhari an rantsar da shi 29 ga Mayun 2015, ministoci ba su kama aiki ba sai Nuwamba.

Kurakuran da aka fi gani: ɗaukar suka a matsayin rashin ɗa'a, ɓoye bayanin da ya kamata jama'a su sani, da tura bataliya inda rikicin na filin noma ne ko na rashin aikin yi.

Amma kada a yi wa kaki rashin adalci. Wanda ya san gidan ba a cika ruɗarsa da taurarin kafaɗa ba. Shugaban Amurka Truman, kyaftin ɗin atilare ne kawai a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya sallami Janar MacArthur a 1951 da ya nemi wuce gona da iri a Koriya. De Gaulle, janar ɗin da ya zama shugaban Faransa, ya murƙushe tawayen janarorinsa a Aljeriya a 1961, ya kai ga yarjejeniyar Evian da ta kawo ƙarshen yaƙin Aljeriya a 1962.

Idan ɗan takara ya zo da kakinsa, a tambaye shi wane muƙami ya riƙe, kuɗi nawa suka bi ta hannunsa kuma me bincike ya nuna, ya taɓa yin aiki da waɗanda ba ya iya ba umarni, sannan ta ƙuri'a ya taɓa neman mulki ko ta bakin bindiga.

Ɗan_Zaure:
Na gode, malamai. To masu zaɓe fa, kakin yana jan ƙuri'a kuwa?

Malama_Tarihi:
Ba kullum ba. Bush babba matuƙin jirgin yaƙi ne da aka harbo a 1944, Clinton da bai yi soja ba ya kayar da shi a 1992, ya kuma kayar da Bob Dole, shi ma tsohon soja, a 1996. McCain ya yi sama da shekara biyar a hannun Biyetnam ta Arewa a matsayin fursunan yaƙi, amma a 2008, ana tsakiyar durƙushewar bankuna, Obama aka zaɓa.