Volatility: hawa da sauka ne, tangal-tangal, ko rawa?

1/ 'Yan uwa masu fassara da masu rubuta labaran kasuwa, ku zo mu yi wa kalmar volatility matsaya. Kowa da yadda yake juya ta, wani ma a rahoto ɗaya sai ya kira ta da suna uku.

2/ Ga abin da ake nufi. Ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, ya bar naira ta nemi farashinta da kanta. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,800 a kasuwar bayan fage. A watan Afrilu ta sauko kusan 1,100, kafin Mayu ya ƙare kuma ta sake komawa wajen 1,500. Wanda ya sayi dala a kasuwar canji ta Wapa a Kano ranar Litinin bai san ko riba zai ƙirga ranar Alhamis ba ko asara. Wannan halin ne muke nema wa suna.

3/ Hauhawar farashi ba ta shigo nan ba. Ita hanya ɗaya ta sani, sama, kuma tuni ta zauna a kan inflation. Haka ma tashin gwauron zabi.

4/ Hawa da sauka kalma ce mai kyau, amma ni na fi so a bar wa fluctuation ita. Masara a Dawanau tana karyewa da kaka, ta tashi da bazara in rumbuna sun fara yin ƙasa. Ta hau, ta sauka, kuma duk ɗan kasuwa ya san lokacinta, har ma da shi yake lissafin ajiya. Volatility kuwa ba motsin kawai take faɗa ba. Tana faɗin girmansa da saurinsa, da cewa ba ka san inda zai nufa gobe ba. Shi ya sa masana suke auna ta da alƙaluma, su ce ta wannan wata ta fi ta wancan.

5/ Tangal-tangal ita ce aka fi ji a rediyo, kuma ita na fi ƙi. Abin da ke tangal-tangal faɗuwa yake shirin yi. Idan ka ce naira na tangal-tangal, ka riga ka yanke mata hukunci, alhali a Afrilun 2024 ƙarfi ta yi, kuma wannan ƙarfin na ba-zata shi ma volatility ne. Tambayi wanda ya ɓoye dala a 1,800.

6/ Kwan-gaba-kwan-baya ta fi dacewa da tattaunawar sulhu ko aikin hanya. Rashin tabbas kuma uncertainty ce.

7/ Wani ya kawo lilo. Na so ta, don ana iya cewa ya yi nisa ko ya rage. Sai dai lilo yana da tsari, ka san inda zai dawo.

8/ Shawarata ita ce rawa: rawar farashi, rawar kasuwa, rawar naira. Ba ƙirƙira ba ce. Mutane sun daɗe suna cewa sabis na rawa, wuta na rawa, haƙori na rawa, wato abu yana nan amma bai zauna daram ba. Tana kuma karɓar awo ba tare da an tilasta mata ba: rawar ta yi yawa, rawar ta lafa, ma'aunin rawar kasuwa. Gwada ta a jimla: sefa ba ta rawa a gaban yuro, don tun 1999 an ɗaure ta a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya, amma mai kai kaya Maraɗi ta Jibiya ya san tana rawa a gaban naira. Wanda zai ce ai rawa ta makaɗa ce, to rawar jiki da rawar murya fa?

9/ Sai dai kada mu jibga mata komai. In an ce volatile a kan gari ko siyasa, zaman ɗar-ɗar muke da ita. In fetur ne a darasin kimiyya, mai saurin bin iska.

10/ Mutanen Damagaram da na Zangon Kumasi, idan 'yan canjinku suna da wata kalmar da ta fi wannan, ku ajiye mana ita a ƙasa tare da jimlar da kuka ji ta a ciki.